Motar Da Aka Ajiye Ba Hutawa Take Yi Ba

A ƙarshen shekarar 2014, wasu ƙwararru kan tsofaffin motoci suka shiga harabar wani gida a yammacin ƙasar Faransa, kusa da garin Niort, suka tarar da motoci kusan 60 jibge, galibinsu a ƙarƙashin rumfunan kwano. Wani attajiri mai kamfanin sufuri, Roger Baillon, shi ne ya tara su da niyyar buɗe gidan tarihi, sai kasuwanci ya karye masa a shekarun 1970, motocin suka yi ta zama shekara da shekaru. Waɗanda ke cikin rumfunan da babu bango, tsatsa ta cinye su, ciyayi sun yaɗu a kansu. Amma wata motar tsere ƙirar Ferrari 250 GT California Spider ta 1961, wadda ɗan wasan kwaikwayo Alain Delon ya taɓa mallaka, an same ta a cikin rufaffen ɗaki busasshe, an danne ta da tarin tsofaffin mujallu, jikinta kuwa da sauran ƙwari. Da aka yi gwanjon motocin a birnin Paris cikin watan Fabrairu na 2015, ita kaɗai ta kawo Yuro miliyan 16 da ɗoriya, daga cikin kimanin miliyan 25 da aka samu gaba ɗaya.

Ko shakka babu, ƙarancin irinta a duniya shi ne tushen tsadarta. Sai dai ga mai nazarin kimiyya darasin yana wani wuri dabam: mai su ɗaya, garinsu ɗaya, amma wasu sun zama tarin ƙarafa, wata kuma ta tsira. Bambancin shi ne wurin ajiya. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan an kashe injin an zare makulli, mota ta shiga hutu. Alhali tun daga wannan lokaci ne ruwa da iska da zafi ke fara aikinsu a hankali, ba dare ba rana. Saboda haka duk wanda zai yi doguwar tafiya ya bar irin wannan mota, wajibi ne ya shirya ta kafin ya tashi, ya kuma guji dogaro da al'adar nan ta sa wani ya riƙa tayar da ita na ɗan lokaci.

Babban abokin gabar tsohuwar mota shi ne danshi. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da iskar oksijin da ruwa a lokaci guda, kuma ba lalle sai an ga ruwan da ido ba. Idan laimar da ke cikin iska ta haura kimanin kashi 60 cikin 100, wani siririn ruwa yakan kwanta a jikin ƙarfe, tsatsa ta soma gudu. Wannan ne ya sa lulluɓe mota da leda ko tamfol kuskure ne, domin yana tsare tururin da ke tasowa daga ƙasa, ya mayar da shi raɓa a jikin fenti. Mayafin auduga da iska ke ratsawa, a ɗaki busasshe mai daɓen siminti, ya fi masa nesa ba kusa ba.

Sai kuma batir. A cikinsa akwai faranti na dalma jiƙe a ruwan asid, kuma ko ba a kunna kome ba yana zubar da cajinsa sannu a hankali. Yayin da cajin ke sauka, wani farin gishiri mai suna salfet ɗin dalma yakan taru a kan farantan. Idan an yi caji da wuri gishirin yakan narke, idan kuwa an bar shi watanni sai ya daskare ya ƙi narkewa, batir ya mutu murus. Cikakken batir yana nuna kimanin bolt 12.6 a ma'aunin lantarki. Maganin abin shi ne a cire shi daga motar, a ajiye shi wuri mai sanyi, a riƙa yi masa caji lokaci-lokaci, ko a haɗa shi da ƙaramar na'urar caji mai tsayawa da kanta idan ya cika.

Fetur ma yana tsufa. Sassansa masu sauƙin tashi sukan gudu su bi iska, saura kuma su haɗu da oksijin su zama wani danƙo mai toshe ƙananan hanyoyin kafireta. A ƙasashen da ake gauraya fetur da sinadarin etanol, kamar Ingila wadda ta mayar da mai kashi 10 cikin 100 fetur na yau da kullum a 2021, matsalar ta fi tsanani, domin etanol yana jan ruwa daga iska, yana kuma cin tsofaffin robobin bututun mai. Idan tafiyar ta watanni ce, a cika tanki domin a rage iskar da ke ciki, a zuba maganin hana fetur lalacewa. Idan ta shekaru ce, gara a tsiyaye shi duka. Haka nan man birki yana shan ruwa daga iska: nau'in da ake kira DOT 4 ba ya tafasa yana sabo sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yakan sauko har wajen digiri 155. Birkin hannu kuwa a sake shi, a sa wa tayoyi waigi, don kada ya manne. Tayoyin kansu a ƙara musu iska, ko a ɗage motar bisa matokarai, saboda kada gefen da ke ƙasa ya baje.

To, a nan ne ake zuwa ga al'adar da ta fi kowace yaɗuwa. Matafiyi yakan bar wa ɗan'uwa makulli, ya ce a riƙa tayar masa da injin minti biyar kowane mako. Niyyar tana da kyau, amma lissafin kimiyya bai goyi bayanta ba. Fetur haɗin kabon ne da haidirojin, kuma idan haidirojin ya ƙone, ruwa yake zama. Kowace lita ɗaya ta fetur da injin ya ƙona tana haifar da kimanin lita ɗaya ta ruwa a siffar tururi. Idan injin ya yi zafi sosai, tururin yakan fice ta salansa. Idan kuwa minti biyar ne kawai, ƙarfe bai ɗau zafi ba, sai tururin ya koma ruwa ya kwanta a cikin salansa, wani kuma ya gangara cikin baƙin mai ya haɗu da sauran dattin ƙuna ya zama asid. Bugu da ƙari, tayar da injin yana jan wuta mai yawa daga batir, wadda ɗan gajeren aiki a tsaye ba ya mayarwa. Ke nan kowane mako ana ƙara wa motar ruwa, ana rage mata caji. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Wasu za su ce ai mota don tafiya aka ƙera ta, zama wuri ɗaya ne ke busar da robobinta. Wannan magana tana da gaskiya, kuma inda akwai amintaccen mutum da zai hau titi da ita na rabin sa'a ko fiye sau ɗaya a wata, har baƙin mai ya yi zafi, birki da giya su motsa, to wannan ya fi. Abin da ba shi da amfani shi ne tsaka-tsakin nan na tayar da injin a tsaye. Ko dai a tuƙa ta sosai, ko a wanke ta, a sauya mata baƙin mai da sabo, a toshe bakin salansa saboda ɓeraye masu cin wayoyi, a rubuta duk abin da aka yi a takarda a ajiye kan kujerar direba, sannan a ƙyale ta.

Ba sai mai Ferrari wannan ya shafa ba. Malamin da ya tafi ƙaro ilimi ya bar Peugeot 504 a gindin darbejiya yana ƙarƙashin dokoki iri ɗaya, har ma nasa ya fi gaggawa. Tun 1889 masanin nan na ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana yadda zafi ke hanzarta haɗuwar sinadarai, kuma da yawa daga cikinsu saurinsu yakan kusa ninkawa idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Don haka batir da fetur sun fi saurin lalacewa a zafin bazara na Sakkwato ko Maraɗi fiye da a Faransa, ga kuma laimar damina tana biye.

Ɗalibi na iya gwada wannan da ƙusoshi uku da kwalabe uku: ɗaya a busasshiyar kwalba rufaffiya, ɗaya a ruwan da aka tafasa aka rufe samansa da mai, ɗaya kuma a ruwan da iska ke shiga. Bayan mako guda zai ga wadda ta yi ja, zai kuma fahimci abin da ya raba motocin rumfa da wadda aka samu a ɗaki.