Sharhi: Bitar Alhazai da Darasin Gobarar Madina

A cikin watan Fabrairun 2014 gobara ta tashi a wani masaukin masu Umra a birnin Madina, inda mutane 15 suka rasu, wasu kimanin 130 kuma suka jikkata. Akasarin mamatan hayaƙi ne ya shaƙe su tun kafin wutar ta kai gare su. Wannan batu na hayaƙi shi ne ya kamata hukumomin alhazai na Najeriya da Nijar su yi wa karatun ta-natsu, domin yana nuna cewa mintocin farko na kowane hatsari suna hannun mutanen da abin ya rutsa da su, tun kafin motar kashe gobara ta iso.

Ko shakka babu, mahukuntan Saudiyya sun koyi darussa masu ɗaci. Bayan mutuwar mutane 1,426 a turmutsutsun ramin Mu'aisim a 1990, da gobarar Mina ta 1997 wadda ta halaka fiye da 340, an sauya tantunan Mina da waɗanda wuta ba ta saurin ci, aka kuma sake gina gadar jifan Shaiɗan hawa-hawa. A Madina ma jami'an kare farar hula da na ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar kan yi atisaye gabanin kowane aikin Hajji. To amma duk wannan shiri da Larabci da Turanci ake tsara shi, alhali kuwa dattijuwar da ta fito daga wani ƙauye na Sakkwato ko Maraɗi, aka sauke ta a hawa na goma na wani otel da ke daura da Masallacin Annabi, ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu, kuma mai yiwuwa ba ta taɓa hawa bene irin wannan ba.

A nan ne giɓin yake. Bitar da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi ke shiryawa ta fi ba da ƙarfi ga ihrami da ɗawafi da sa'ayi da ladubban ziyara, kuma hakan daidai ne. Sai dai wajibi ne a ƙara wani babi. A koya wa maniyyaci ya nemi matakalar gaggawa a ranar da ya sauka, ya guji na'urar hawa bene idan wuta ta tashi, ya sunkuya ƙasa idan hayaƙi ya turnuƙe, ya bar kayan tsaraba ya tsira da ransa, ya kuma san inda 'yan ɗakinsu za su hallara a waje domin a ƙidaya su. Kazalika ya haddace lamba 911 ta neman ɗauki da 997 ta motar asibiti.

Hanya ma tana da nata haɗarin. Tafiyar fiye da kilomita 400 ce tsakanin Makka da Madina, kuma galibin alhazai a bas suke yin ta. A watan Oktoban 2019 mutane 35 suka mutu lokacin da wata bas ta yi karo da motar tono a yankin Al-Akhal, sannan a watan Nuwamban 2025 masu Umra fiye da 40 daga Indiya suka ƙone bayan motarsu ta yi karo da tankar mai a kusa da Madina. Saboda haka ya dace kowace bas ta samu jagoran da aka horar, wanda ya san ƙofar gaggawa, yake riƙe da sunayen fasinjojinsa, yake kuma da ikon hana direban da ya gaji ci gaba da tuƙi.

Akwai masu ganin cewa irin wannan horo zai firgita tsofaffi, wasu kuma na cewa rai a hannun Allah yake. Gaskiya ne, amma malamai sun sha bayyana cewa tawakkali bai hana ɗaukar mataki ba, kuma rashin sani ne ke haddasa firgici a lokacin da ƙararrawa ta kaɗa.

Hukumar NAHCON ta Najeriya, wadda aka kafa a 2006, da takwararta COHO ta Nijar suna da hurumin mayar da wannan horo ya zama sharaɗi, da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da sauran harsunan maniyyata. Najeriya kaɗai ta samu kujeru 95,000 a 2023, kuma jama'a mai yawan haka ba ta tafiya lafiya sai da rubutaccen tsari na wanda zai yi me idan abu ya faru. Atisayen sa'a ɗaya a sansanin alhazai na Kano ko Yamai, da wani a daren farko a masaukin Madina, ba zai ci kuɗin kirki ba. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.