Ciyawar Bakin Hanya Ba Ta Tsayawa A Bakin Hanya

Ya kai manomi, idan ka bi hanyar Kontagora zuwa Rijau a watan Oktoba, ko ƙananan hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Dukku, dubi dama da hagu. Wuraren da a da gamba da kyasuwa suka rufe, yau daddoyar daji ce ta mamaye da yawa daga cikinsu, wani wurin har ta fi mutum tsawo. A ƙarƙashinta ga kashin yawo, ga rai-ɗore. Kowa yana wucewa, domin bakin hanya ba gonar kowa ba ce. Ra'ayina shi ne, a nan ne ake renon irin ciyawar da za ka biya kuɗin nomewa a gonarka baɗi.

Daddoyar daji da kashin yawo baƙi ne a ƙasar nan, asalinsu daga yankunan zafi na nahiyar Amurka suke. Shanu ba sa son daddoyar saboda warinta, sai su cinye ciyawar kirki su bar mata fili. Kwanson irinta yana maƙalewa a gashin dabba, haka ma ƙayar kashin yawo, wadda sunanta ma ya faɗi halinta. Tunkiya ta kwaso a hanyar kasuwa, ta kakkaɓe a gona lokacin kiwon kara. Tayar babur da ta mota suna ɗauka cikin taɓo, ruwan kwalbati ya gangara da saura zuwa fadama. Ita kuwa rai-ɗore, ƙwayarta guba ce ga dabbar da ta ci da yawa.

Kada a ɗauki wannan wasa. Ciyawar da mutanen kudu ke kira Akintola ko Awolowo an fara ganin ta ne a wajen Inugu a 1942, amma daga baya ta bi hanyoyi ta cika kudancin ƙasar nan.

To, me muke yi a kai? Abu biyu, kuma duka ban gamsu da su ba. Na farko, mu jira rani mu cinna wuta. Kafin Disamba iri ya nuna ya zube, wutar kara kawai take ci, ta kuma share wa irin fili ya tsiro da ruwan farko. Ga haɗarin ta tsallaka ta cinye dawar da ba a kwashe ba. Na biyu, feshi barkatai. Matashi ya goya famfo ya zuba Glyphosate tun daga bakin titi har iyakar gona. Wannan magani ba ya zaɓe, yana kashe gamba har saiwa, ya bar ƙasa tsirara. Ƙasa tsirara kuwa zaizaya take gayyata, kuma daddoya ce ke riga kowa komawa. Maganin 2,4-D yana kashe mai faɗin ganye ya bar ciyawar kiwo, wannan gaskiya ne, amma iska kaɗan ta isa ta kai shi kan wake ko gyaɗar maƙwabci. Ban hana shi ba, sai dai a yi da safe babu iska, nesa da amfanin gona da ruwan sha, tare da shawarar malamin gona.

Abin da na fi amincewa da shi tsoho ne, wato gayya, amma a kan lokaci. Lokacin shi ne kafin ciyawar ta yi fure. Kashin yawo yana saurin yin ƙaya, don haka a tuge shi tun a Yuli. Daddoya a faɗa mata a Agusta, sa'ad da ƙasa ke da laima, a tumɓuke ko a sare daf da ƙasa, domin idan aka sare ta a sama tana sake tofowa. A koma a tsakiyar Satumba a bi wadda ta tsira. Wadda aka samu da iri a tara ta wuri guda a ƙone, kada a kai ta ramin taki. Gamba da kyasuwa a bar su, su ne masu gadin wurin, ga zana ga abincin dabba. Inda ƙasa ta yi sanƙo, a raba tushen gamba a dasa.

Na san za a ce watan Agusta hannun kowa a cike yake, ga maimai ga zuba taki. Haka ne. Amma ba a ce a share hanya daga Dukku har Kontagora ba. Kowa ya ɗauki bakin hanyar da ya yi iyaka da gonarsa, sauran kuma, kamar mashigar kasuwa, burtali da mashayar dabbobi, unguwa ta yi musu safiya guda. A sani kuma shekara ɗaya ba ta isa, domin akwai irin da ke kwance a ƙasa. Sai an jera damuna uku ko fiye kafin a ga sauƙi sosai.

Ku kuma malaman gona, ku kai maganar gaban dagaci da Sarkin Noma tun a watan Yuni a tsayar da rana, a kuma gayyaci ardo, tunda makiyaya ne suka fi kowa asarar kiwo. Idan aka zubo jar ƙasa don gyaran hanya, ku riƙa leƙa wurin a damunar farko. Duk tsiron da kuka gani wanda dattawan gari ba su san sunansa ba, ku cire shi da furensa, ku matse a cikin takarda, ku aiko ta ofishin shiyya a duba.