Waiwaye: Shimfiɗar da Ta Sauya Halin Girafin

A 2004 ne Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta suka yi amfani da salatif suka ɓare wani falle daga jikin girafait, wato bakin fensir. Kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya tak. Shi ne girafin, wanda ya jawo musu kyautar Nobel a 2010.

Falle mai sirantaka haka galibi akan ɗora shi kan wani abu. Da farko kan silikon dayoksaid aka shimfiɗa shi. Fuskar wannan shimfiɗa tana da gargada, kuma cajin da ya maƙale a cikinta yana tare wa ƙwayoyin lantarki hanya, su taru gungu-gungu. Da masana a Jami'ar Kolombiya suka rataye fallen a 2008, ba komai ƙarƙashinsa, sai sauƙin motsin ƙwayoyin ya ninka kusan sau goma. Ashe laifin na shimfiɗa ne.

A 2010 Cory Dean da abokansa suka ɗora girafin kan boron naitiraid, wanda Kenji Watanabe da Takashi Taniguchi suke haɗawa a Tsukuba ta Japan. Fuskarsa sumul, saƙar zarrarsa kuma ta ɗara ta girafin faɗi da kusan kashi 1.8 cikin ɗari kawai. Wannan ɗan saɓani ya yi aiki babba. Idan aka daidaita saƙar biyu, sai wani sabon zane mai faɗi ya fito tsakaninsu, har giɓi ya buɗe a matakan kuzarin ƙwayoyin, alhali girafin zalla ba shi da giɓin. A 2019 kuma masana a Stanford suka tarar cewa falle biyu na girafin da aka ɗan karkata, suka kuma dace da saƙar boron naitiraid, sun ɗauki halin maganaɗisu. Girafin bai canja ba. Abokin zamansa ne ya canja. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Darasin ya wuce ɗakin gwaji. Kafin mu yanke wa ɗalibi ko ma'aikaci hukuncin gazawa, mu binciki inda muka ajiye shi. Idan kuma ya yi fice, mu tuna da masu gyara shimfiɗa irin su Watanabe da Taniguchi, domin da guminsu wasu suka ga abin da ba a taɓa gani ba.