Gudun Da Ke Tada Jirgin Ceto

Ya ku malamai da almajirai, ku sani a Ingila jiragen sama masu saukar ungulu da ke ɗauko wanda ya yi haɗari, galibinsu da kuɗin taimakon jama'a suke tashi. Na farkonsu ya soma aiki a lardin Konwal a 1987. Domin haka mutum kan ɗaura aniyar gudun kilomita 42 a Landan, 'yan'uwa su yi alkawarin kuɗi. Wasu sun ce wahalar banza ce, a ba da kuɗin kurum. Ni ban yarda ba. Roƙon baki ana mantawa, amma wanda ya ga ƙafar maƙwabcinsa ta kumbura, hannunsa ba ya nauyi. Mai zubar jini nesa da asibiti kuwa, jinkirin sa'a guda na iya zama ajalinsa.