Wanda Ya Je Birni, Ya Dawo Mana Da Hoton Takarda

Ba kasafai yawon buɗe ido ke kai mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa biranen Katsina, Kano ko Zariya ba. Abin da ke kai shi sananne ne: asibiti, jarrabawa, neman fasfo, sarin kaya, ko gaisuwar mutuwa. Yakan tafi shi kaɗai saboda tsadar kuɗin mota, ya kwana ɗaya ko biyu, ya juyo da wuri don kada magariba ta riske shi a hanya. A cikin wannan 'yar gajeriyar tafiya yakan gifta ta gaban gine-ginen da suka fi komai tsufa a ƙasar Hausa. Wani lokaci ya zaro waya ya ɗauka, hoton ya nutse cikin ɗaruruwan da ba mai sake dubawa. Ra'ayina shi ne duk wanda Allah ya ba ikon yin irin wannan tafiya, ya yi ƙoƙarin dawowa gida da hoto ko da ɗaya ne na wani ginin tarihi, a kan takarda, da kwanan wata a bayansa. Ko da kyamarar nan-take aka ɗauka ko mai hoto ne ya buga a bakin titi, abin da ake so shi ne hoton ya zama abin da hannu zai riƙe. Mu da ke wannan yanki mun fi kowa buƙatar haka, kuma akwai dalilai.

Hoton nan-take ba sabon abu ba ne. A shekarar 1948 kamfanin Polaroid na Edwin Land ya fara sayar da kyamarar da ke fito da hoto cikin ɗan lokaci a birnin Boston na Amurka. Sirrin yana jikin takardar: akwai 'yar jakar sinadari a gefenta, idan takardar ta fito sai wasu ƙarafa biyu su matse jakar, sinadarin ya bazu, hoton ya riƙa bayyana a hankali ba tare da an kai shi ɗakin wanki ba. Da kyamarorin zamani suka mamaye kasuwa, Polaroid ya daina yin fim ɗin a 2008, amma wasu masu sha'awa suka karɓi masana'antarsa da ke Enschede a ƙasar Holan suka ci gaba. Kamfanin Fujifilm na Japan kuwa ya fito da nasa, Instax, tun 1998, kuma har yau matasa a manyan biranen duniya suna saye. Kwali ɗaya takarda 10 ne a Instax, 8 a Polaroid. Wannan ƙarancin shi ne darasin da ke cikinsa. Mai takarda 10 kacal ba ya harbi barkatai. Sai ya zagaya ginin, ya duba inda rana take, ya jira mota ta wuce, ya tambayi kansa abin da yake son mutanen gida su gani. Kafin ya danna, ya riga ya kalli ginin da kyau, abin da mai waya sau da yawa ba ya yi.

Dalili na farko shi ne gine-ginen nan ba sa jiran kowa. Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, masana gini na duniya sun daɗe suna jinjina wa bakan gizonsa na ƙasa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta lokacin sallar La'asar, aka rasa rayukan masallata. A Kano, an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa titi, abin da ke tsaye a wurin yanzu sabon gini ne. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara ta zamanin Sarki Gijimasu, tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 don a duba, amma duk wanda ya bi gefenta zai ga inda ruwa ya zaftare da inda aka yanka filaye aka yi gini. Ko sabon gini bai tsira ba: shataletalen gidan gwamnatin Kano da aka gina don cikar jihar shekara 50, an rushe shi a watan Yunin 2023. Ginin ƙasa yana son yaɓe bayan kowace damina, ginin siminti kuma yana hannun wanda ke kan mulki. Wanda ya ce zai ɗauki hoton idan ya sake zuwa, ba shi da tabbacin zai tarar da abin yadda ya bar shi.

Idan muka tambayi yadda aka san kamannin biranenmu na da, amsar ba ta da daɗin ji. Zanen Kano daga kan Dutsen Dala da ake yawan nunawa ya samo asali ne daga tafiyar Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851. Masallacin Zariya da aka ambata, wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, shi ya auna shi ya ɗauki hotunansa, kuma aikinsa ne ya sa aka gina kwatankwacinsa da na wani sashe na ganuwar Kano a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Waɗannan mutane sun yi aikin da ya kamata a gode musu, amma da idon baƙo suka yi kallo, kuma abin da ya ba baƙo sha'awa suka ajiye. Hoton da ɗan kasuwa daga yankinmu zai ɗauka a gindin Hasumiyar Gobarau da ke Katsina zai ɗauko abin da masani ba zai damu da shi ba: mai adaidaita sahu da ke jiran fasinja, rumfar mai shayi, irin hular da ake yayi a wannan shekara, almajiran da ke wucewa. Bayan shekara 50 waɗannan ƙananan abubuwa su ne za su gaya wa jikoki yadda rayuwa take.

Dalili na biyu ya shafe mu kai tsaye. Ana cewa waya ta wadatar, tunda kowa na da kyamara a aljihu. To, a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa duk suna ciki. Watanni aka yi babu sabis. Duk wanda ya ajiye hotunansa a Facebook ko wani rumbu na intanet, a lokacin ba shi da hanyar kaiwa gare su sai ya yi tafiya. Wanda ya bar su a cikin waya kuma yana ƙarƙashin rahamar mai cajin waya da janaretonsa. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a kasuwa, ana ƙwace ta a hanya, memori yana lalacewa, kuma idan yunwa ko rashin lafiya ta matsa, waya na cikin abin da ake fara sayarwa. Takarda ba ta neman caji ko data. Ana miƙa ta hannu zuwa hannu a zaure, tsohuwar da ba ta taɓa zuwa Kano ba za ta kawo ta kusa da ido ta duba a natse, malami zai zagaya da ita aji. Gani ya kori ji, amma sai abin ganin yana nan lokacin da ake nemansa.

Mai suka zai fara da kuɗi, kuma yana da gaskiya. Kyamarar nan-take da fim ɗinta daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma a Ƙanƙara ko Sabuwa ba a shago ake samunsu ba. Manomin da ke lissafin taki ba zai sayi kwalin Instax ba, bai kuma kamata a ce ya saya ba. Sai dai hanyar ba ɗaya ba ce. A bakin bankuna, cibiyoyin jarrabawa da ofisoshin gwamnati a Katsina, Funtuwa, Zariya da Kano akwai masu hoton fasfo da 'yar na'urarsu ta buga hoto, kana tsaye za su miƙo maka. Wanda ya ɗauka da waya zai iya tura musu hoto ɗaya ko biyu su buga masa kafin ya nufi tasha. Abin da za a aro daga hoton nan-take shi ne tarbiyyarsa: zaɓi kaɗan, mayar da shi takarda a ranar, rubuta bayani kafin mantuwa ta shigo. Wanda ke da hali, kamar ma'aikaci ko ɗalibin jami'a ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, shi ya dace ya sayi kyamarar, a riƙa ara wa mai tafiya.

Suka ta biyu ta fi nauyi: mutanen da ke kwana da fargaba, waɗanda wasunsu suka bar ƙauyukansu, ina su ina hoton hasumiya? Amsar tana cikin abin da duniya ta sani game da mu. A yau idan aka ambaci Ƙanƙara a wajen jihar, abin da ke faɗo wa mutane shi ne daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin. Faskari da Sabuwa ma sunayensu sun fi fitowa a labaran hari. Yaron da ya tashi cikin wannan hali yana buƙatar shaida a hannu cewa shi magajin wani abu ne da ya girmi wannan fitina. Idan ya ga Gobarau, wadda masana da dama ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ya ji cewa ta ga yaƙe-yaƙe da sauyin sarauta tana tsaye, tunaninsa game da ƙasarsu zai faɗaɗa. An ɗauki shekaru fiye da 10 babu darasin tarihi a matsayinsa na kansa a ƙananan makarantun Najeriya kafin a dawo da shi, kuma ba kowace makarantar karkara ce ke iya kwasar yara zuwa ziyarar gani da ido a wannan yanayi na hanya ba. Idan yara ba za su iya zuwa wurin ginin ba, sai a kawo musu shi a ambulan.

Sauran sukar gajeru ne. Wanda ke da waswasi ta fuskar addini ya tuna cewa saɓanin malamai a kan hoto ya ta'allaƙa ne ga abu mai rai. Gini, dutse ko ganuwa ba su ne abin jayayya ba, kuma mai tsantseni zai iya ɗaukar ginin shi kaɗai. Ta fuskar tsaro, baƙon da ke ɗaga kyamara a birni zai iya jawo wa kansa tuhuma, don haka a nisanci barikin soja, shingen bincike da gidajen gwamnati, a yi sallama ga masu gadin wuri, a nemi izini kafin a ɗauki fada ko masallaci, kada kuma a sa fuskar mutum ba da yardarsa ba. Akwai batun zafi ma. Fim ɗin nan-take ba ya shiri da rana, har kamfanin Polaroid yana ba da shawarar a ajiye wanda ba a yi amfani da shi ba a wuri mai sanyi, kuma hoton da aka kafa a bango inda rana ke duka zai dishe. Maganin wannan shi ne ɗauka da safe ko da yamma, da ajiya a albam ko cikin littafi a akwati. Babu laifi a sake ɗaukar takardar da waya, kowanne ya zama madogara ga ɗan'uwansa.

Yini ɗaya ya isa a yi abin kirki. A Katsina, mai tafiya zai iya haɗa Gobarau, Ƙofar Soro, ɗaya daga cikin ƙofofin gari kamar Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Guga, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. A Kano akwai Dala, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Abu mafi muhimmanci shi ne rubutun baya: sunan wurin, rana da wata da shekara, da sunan garin wanda ya ɗauka, da boko ko da ajami. Hoton da babu kwanan wata rabin amfaninsa ya tafi, domin ba a iya gwada shi da na wata shekara a ga abin da ya canza.

Hukumomi ma suna da rawar da ba ta buƙatar kasafi mai yawa. Masu kula da gidajen tarihi su ba matasa masu sana'ar hoto izinin zama a bakin ƙofa da na'urar bugawa, a kan farashi sananne. Matashi ya samu abin yi, baƙo ya tafi da shaida. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ta riƙa karɓar kwafin irin waɗannan hotuna daga jama'a tana adanawa bisa shekara. Shugabannin makarantu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa su tanadi albam guda, duk malami ko uba da ya dawo daga birni ya ƙara masa shafi. Wanda kuma ya saba tsayawa ya kalli ginin wani gari da kyau, ba zai daɗe ba zai juyo da kyamarar gida: tsohon masallacin unguwa, ƙofar gidan hakimi, rumfunan kasuwar 'Yankara, madatsar ruwan Mairuwa. Waɗannan babu Barth ko Dmochowski da zai zo ya ajiye mana su. Idan mutanen wurin ba su ɗauka sun rubuta kwanan wata ba, babu wanda zai yi.