Tambayar ƙarshe kafin kuɗi su fita

Ranar 11 ga watan Agusta na shekarar 2020, ma'aikatan bankin Citibank na Amurka suka tashi biyan kuɗin ruwa, kimanin dalar Amurka miliyon 7 da dubu 800, ga masu bin kamfanin Revlon bashi. Sai ga shi kusan miliyon 900 sun fita, har da uwar kuɗin, kuma daga asusun bankin kansa. Mutum uku ne suka duba aikin. Na'urar ma ba ta yi shiru ba, ta yi gargaɗi cewa kuɗi za su bar banki, ta tambaya ko a ci gaba. Amma ba ta faɗi nawa ne za su fita ba, don haka aka amsa mata da i, ana zaton kuɗin ruwa take nufi. Wasu suka maido, wasu suka ƙi. A 2021 alƙali ya bar wa masu ƙin kimanin miliyon 500, sai a 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin.

Masu karatu, wannan darasi ne ga duk mai rubuta kalmomin da ke fitowa a allon kwamfuta ko na salula. "Ka tabbata?" ba gargaɗi ba ne, domin mai kuskure a tabbace yake, da yana shakka da bai kai hannu ba. Gargaɗin ƙwarai shi ne wanda ke karanto wa mutum aikinsa: abin da za a yi, adadinsa, sunan wanda zai karɓa, da kuma cewa ba a iya warwarewa. A kan maɓallin kuwa a rubuta aikin kansa, "Aika kuɗin" ko "Shafe takardun", maimakon "To", wadda yatsa ya saba dannawa ido rufe.

Haka nan kada a yi ta tambaya a kan kowane ƙaramin abu. Karen da ke haushi dare da rana, ran da ɓarawo ya shigo ba mai leƙowa. Inda ana iya ba da damar janyewa, ta fi tambaya amfani. A ajiye tambayar don abin da ba ya komawa.

Mu ma abin ya shafe mu. Ɗan kasuwar Maradi da ke aika kuɗi ta salula da dala da jika yake lissafi, allo kuwa da faran yake magana, galibi cikin Faransanci. Sifiri guda ke raba jika goma da jika ɗari. Ma'aikacin da ke shafe fayil a biro shi ma tambaya guda ke tsakaninsa da asarar aikin wata.

Masu ƙera waɗannan manhajoji su sani, danna maɓalli zarar bunu ne. Hakkinsu ne su faɗi gaskiyar abin dalla-dalla, namu kuma mu karanta kafin mu danna.