Mu Leƙa Duniya: Agwagwa Ruwa-Biyu

Sanyi ya shigo, tsuntsayen ruwa sun fara sauka a tabkin Madarunfa da na Tabalak da na Gidimuni. Shi ya sa a wannan wata za mu kai ku Amurka, mu ji wata wahala da mahalban can ke sha wajen gane agwagin daji.

A gabashin Amurka da Kanada akwai agwagin daji iri biyu, ƴan uwan juna. Girmansu ɗaya, kukansu ɗaya. Ta farko ana ce mata baƙar agwagwa. Ba baƙa ƙirin ba ce, launinta kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasar fadama. Kanta da wuyanta sun fi jikinta haske. Toro da mace kusan kamarsu ɗaya, sai a baki: na toro rawaya, na mace tsanwa mai duhu.

Ta biyu ita ce Faransawa ke kira kolber, wato mai tsanwan wuya. Toronta ba ya ɓoyuwa. Kansa tsanwa ne shar, yana da farin zobe a wuya, ƙirjinsa ja mai duhu, jikinsa toka-toka, ga wasu gasu da suka nannaɗe a bisa wutsiya. Macen kuwa launin ƙasa ce, ta yi kama da baƙar agwagwa, sai dai ta fi ta haske.

Da can kowace da wurinta. Baƙar agwagwa tana tabkunan cikin kurmi da fadamun bakin teku a gabas. Kolber tana filayen ciyawa na tsakiyar ƙasa da yamma. Sai mutane suka sare kurmi suka yi gonaki. Wasu kuma suka riƙa kiwon kolber suna sakinta a gabas don farauta. Iri biyun suka haɗu a tabki ɗaya, barbara ta shiga tsakaninsu.

A nan matsalar take. Jaki da goɗiya suna ba da alfadari, alfadari ba ya haihuwa, magana ta ƙare. Amma ɗiyar waɗannan agwagi tana yin ƙwai, tana ƙyanƙyashewa, jikoki su sake gauraya. Makiyayin da bijimin Bororo ya taɓa shiga garkensa na Azawak ya san yadda abin ke tafiya. Bayan haihuwa biyu ko uku, sai mai ido ke iya cewa wannan jinin wane ne.

Me ya dami mahalbi da wannan? Doka ce. Daga wajen 1955 zuwa wajen 1980, yawan baƙar agwagwa ya ragu da kusan rabi. Halbi ya yi yawa, fadamu sun ragu, ga kolber ta shigo mata gida. A 1983 hukuma a Amurka ta ce mahalbi ba zai wuce baƙar agwagwa 1 a wuni ba. A 2017 aka mai da shi 2. Ma'aikacin gandun daji yana tsare mutum a bakin ruwa, ya buɗe jaka ya ƙidaya. Wanda ya wuce adadi, tara ta hau shi, ko da kuskure ne.

To, yaya ake gane ruwa-biyu? Masu sani sun ce a fara duba fiffike. A bisa fiffiken kowace akwai wani tabo mai walƙiya, Turawa na ce masa madubi. Na baƙar agwagwa launin turkuɗi ne, baƙi ya kewaye shi, babu farin layi a gabansa. Na kolber shuɗi ne, da farin layi mai kauri gaba da baya, toro da mace duka. Idan ka riƙe tsuntsu mai duhun jiki kamar baƙar agwagwa, ka buɗe fiffike ka ga farin layi a gaban madubin, ko da siriri ne, ko a tsittsinke, to akwai jinin kolber.

Bayan fiffike sai kai. Toro ruwa-biyu yakan fito da tsanwa a gefen ƙeya, daga bayan ido, amma kumatunsa su zauna launin ƙasa, kamar rinin da bai kama ba. Wani ƙirjinsa ya yi ja-ja. Wani gashin wutsiya ya soma nannaɗewa. Ba lalle duk alamun su taru a tsuntsu ɗaya ba. Mace ta fi wuyar ganewa, tun da ba ta da tsanwa a kai. Ita kam sai fiffike da wutsiya: wutsiyar kolber tana da fari a gefe, ta baƙar agwagwa duhu ce.

Duk wannan a hannu ne. A sama fa? Da asuba kowace agwagwa baƙa ce. Mahalbin kirki yakan jira gari ya waye sosai, ya bar su su matso, kafin ya ɗaga bindiga. A ganinmu nan ne gwaninta take, don harsashi ba ya tambaya. Kowace shekara kuma hukuma tana zaɓen wasu mahalba, su aika mata fiffike ɗaya daga kowace agwagwar da suka halba. Gwanaye su taru su rarrabe su, a san iri nawa aka kashe.

Agwagin nan biyu ba su saba zuwa tabkunanmu ba. Agwagwarmu ta gida mai jar fuska kuma iri ce dabam, asalinta daga kudancin nahiyar Amurka. Idan aka haɗa ta da jinin kolber, abin da aka samu ba ya haihuwa, kamar alfadari. Amma mu ma muna da dokar farauta, wadda aka kafa a 1998. Mai son halbi a tabki ya je wurin ma'aikatan gandun daji ya ɗauki takardar izini, ya tambayi lokacin da aka buɗe da tsuntsayen da aka hana. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar dinya da kirinjijiya.